Daren kwat da nakatai a jirgin ruwa: shin babbar riga da mayafi za su wuce ƙofa?

A jirgin ruwa mai suna Queen Mary 2, wanda ke yin kwana bakwai yana ratsa tekun Atlantika tsakanin Southampton ta Ingila da New York ta Amurka, kowa ya san ƙarfe shida na yamma. Kafin lokacin fasinja na yawo da gajeren wando da 'yar riga mara nauyi, ba mai ce musu kanzil. Da zarar shida ta buga sai jirgin ya sauya kama. Maza su fito da riga mai kwala da dogon wando, da yawa har da kwat, mata kuma su fito cikin kwalliya. In daren na biki ne, wanda suke kira Gala, to sai ka ga baƙar kwat da ɗan nakatai mai siffar malam-buɗe-littafi ta ko'ina, kai ka ce gidan sarautar Ingila ne ya yi gayya. Wanda bai yi wannan shiga ba, ba za a bar shi da yunwa ba, amma babban ɗakin cin abinci ba nasa ba ne a wannan daren.

A da, irin wannan labari sai dai mu gani a fim. Yanzu kuwa ya fara shigowa zango. 'Ya'yanmu da ke aiki a Jamus da Italiya da Amurka sukan tara kuɗi su saya wa iyayensu tikitin mako guda a teku, 'yan kasuwa masu zuwa Dubai sukan ƙara 'yan kwanaki su hau, ga kuma amare da angwaye masu neman wurin hutu. Jiragen ba daga Tema ko Duwala suke tashi ba, ko da yake wasu kan tsaya a Tema da Takoradi lokaci zuwa lokaci. Sai mutum ya hau jirgin sama zuwa Barcelona ko Miami ko Jidda ko Durban, sannan ya shiga. To, bayan biza da tikiti, abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne 'yar takardar da kamfani ke turowa mai bayanin suturar cin abincin dare. A ce dattijo ya shekara sittin bai taɓa ɗaura nakatai ba, hajiya kuma ba ta taɓa fita ba mayafi ba, sai ga 'yarsu ta bugo waya tana cewa Baba ya nemi kwat. Shin dole ne?

Amsar a taƙaice ita ce ba dole ba ne. Suturarmu ta zuwa Idi da ɗaurin aure ta isa ta shiga kowane ɗakin cin abinci da ke kan teku. Sai dai akwai ƙananan abubuwa, daga hula zuwa takalmi zuwa dutsen guga, waɗanda in mutum bai san su ba tun yana gida, za su iya ɓata masa dare a gaban jama'a.

Daga ina al'adar ta fito?

Sauya tufafi don cin abincin dare ɗabi'ar manyan gidajen Ingila ce ta ƙarni na 19. Mai gida ya yi wunin farauta ko hawan doki, da yamma ya yi wanka ya sa baƙar kwat kafin ya zauna a teburi. Gajeriyar kwat ɗin da Amurkawa ke kira tuxedo ta samo sunanta daga wata unguwar masu kuɗi a jihar New York mai suna Tuxedo Park, inda aka fara yayinta a shekarun 1880. Da waɗannan mutane suka fara tafiya a manyan jiragen ruwa, sai suka hau da ɗabi'arsu.

Kamfanin Cunard, mai Queen Mary 2, ya fara jigila ne tun 1840, daga Liverpool zuwa Halifax da Boston. Zuwa lokacin da Titanic ya tashi a watan Afrilun 1912, abin ya riga ya zama doka a ɓangaren masu kuɗi. Ana busa bigila don sanar da lokacin abinci, kowa ya koma ɗakinsa ya shirya. Talakawan da ke aji na uku ba ruwansu da wannan, su babban abincinsu ma da tsakar rana ake ba su. Ka ga ke nan tun asali suturar dare hanya ce ta nuna wane ne wane.

Mutanen Afirka ta Yamma ma sun ɗanɗana wannan zamani. Jiragen kamfanin Elder Dempster, irin su Accra da Apapa da Aureol, su ne ke ɗauko fasinja da wasiƙu daga Liverpool, su tsaya Freetown da Takoradi, daga baya Tema, su ƙare a Legas, tafiyar kusan mako biyu. Ɗalibai da ma'aikata da dama ta nan suka je Ingila karatu. Aureol ya yi tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Afirka ta Yamma a 1974, bayan jirgin sama ya ƙwace fasinja. Haka abin ya faru a ko'ina. Tun da Boeing 707 ya fara tashi tsakanin New York da Paris a 1958, tafiyar kwanaki ta koma ta sa'o'i, sai masu jiragen ruwa suka juya zuwa yawon shaƙatawa. Suka zubar da rabon aji, amma suka riƙe daren kwalliya, domin fasinja na son sa, kuma ana sayar da hotuna a cikinsa.

Kalmomi uku da za ka gani a takarda

Kowane kamfani da irin sunayen da yake laƙabawa, amma matakan uku ne. Na farko shi ne shigar yau da kullum, wadda suke rubutawa casual. Ita ce ta rana, ta karin kumallo da abincin rana, kuma a jirage da yawa har da yawancin darare. Duk da sunanta, ba a shiga ɗakin abinci da kayan ninƙaya ko ba takalmi.

Na biyu shi ne smart casual, wato shigar da mutum zai yi in zai je gaisuwa gidan surukai ko ofishin wani babba: dogon wando, riga mai kwala, takalmi mai tsabta. A wurinmu, kaftani mai guga da hula ya wuce wannan mataki ma.

Na uku shi ne formal, ko Gala, ko black tie. Wannan ne daren baƙar kwat. A tafiyar kwana uku zuwa biyar yawanci sau ɗaya ake yin sa, a ta kwana bakwai kuma sau biyu. Ba a sa shi a daren farko, saboda akwatunan wasu ba su iso ɗakunansu ba tukuna, ba a kuma sa shi a daren ƙarshe, saboda kowa ya riga ya ɗaure kaya. An fi sa shi ranar da jirgi ya wuni a teku bai tsaya wani gari ba. Kullum da yamma ana ajiye takardar shirin gobe a ɗaki, ko a saka a manhajar kamfani ta waya, kuma a nan ake rubuta suturar daren.

Kowane tsuntsu da kukan gidansu

Kafin mutum ya tambayi me zai sa, ya fara tambayar wane kamfani ne. Cunard da P&O Cruises, dukkansu masu tashi daga Southampton, su ne suka fi riƙe tsohuwar al'ada. A daren Gala na Cunard har launi akan zaɓa, wani daren baƙi da fari, wani ja da ruwan zinari. Wanda ba ya son wahalar, a Queen Mary 2 akwai wurin da kowa ke ɗibar abinci da kansa mai suna Kings Court, can ba a tambayar kwat.

Kamfanonin Amurka sun sassauta ƙwarai. Norwegian Cruise Line ne ya fara karya dokar a shekarar 2000, da ya ce kowa ya ci lokacin da ya ga dama, da wanda ya ga dama, daren kwalliya kuma sai wanda ya so. Celebrity ya soke sunan formal a 2015 ya maye shi da shiga mai sauƙi. Carnival yana da darensa mai suna Cruise Elegant, Royal Caribbean ma yana da nasa, amma a cikinsu za ka ga mai tuxedo zaune kusa da mai riga da wando kawai, ba wanda ya damu. A babban jirgin Royal Caribbean mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024 kuma yake iya ɗaukar fasinja sama da 7,000, wuraren cin abinci sun fi 20. Wa zai tsaya bin nakatai a irin wannan gari? Virgin Voyages kuwa cewa ya yi ba shi da dokar sutura ta daren biki sam.

MSC, wanda jiragensa ke yawo a Bahar Rum kuma suke tashi daga Durban da Cape Town a lokacin zafin Afirka ta Kudu, yana tsakiya. Yana da daren Gala, kuma sau da yawa akwai daren da ake roƙon kowa ya sa fararen kaya. Wannan kam ya zo mana gida. Wane ɗan zango ne ba shi da farar shadda a akwati?

Matsayin babbar riga

A ƙa'idar Turawa kansu, suturar ƙasa ta biki daidai take da baƙar kwat. Shi ya sa a daren Gala za ka ga ɗan Scotland da ɗan zanensa mai kan gwiwa, 'yar Indiya da sari, 'yar Japan da kimono. P&O Cruises ya rubuta a ƙa'idarsa cewa ana iya sa suturar ƙasa ta biki ko kakin soja a madadin kwat. Kuma ba yau aka fara ganin tamu a manyan wurare ba. Da batakari Kwame Nkrumah da abokansa suka tsaya a Accra ranar 6 ga Maris 1957 suka shelanta 'yancin Ghana. Da babbar riga Abubakar Tafawa Balewa ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960, da ita kuma ya ziyarci Shugaba Kennedy a 1961. Rigar da ta shiga waɗannan wurare ba ɗakin abincin jirgi ne zai fi ƙarfinta ba.

Amma a lura da kalmar "ta biki". Ma'aikacin da ke tsaye a ƙofa bai san aska takwas daga aska biyu ba, bai san kuɗin yadin shadda ba. Abin da idonsa ke nema shi ne alamar cewa mutum ya shirya don wannan dare. Babbar riga mai aiki da 'yar ciki da wando da hula ba ta buƙatar bayani, duk wanda ya gan ta ya san an yi shiri. Kaftani mai ɗinki a wuya da hannu, mai launi mai duhu ko fari ƙal, shi ma yana wucewa. Inda ake samun matsala shi ne jallabiya mara aiki wadda ta sha zama, da silifa a ƙafa. Mu a gida mun san ta zuwa masallacin unguwa ce. Shi kuwa Bature ko ɗan Filifin da ke ƙofa zai iya ɗaukar ta rigar barci ce.

Don haka dattijo ba shi da dalilin zuwa kasuwa neman kwat ɗin da bai saba da ita ba, balle ya ari ta wani. Kayan aro ba ya rufe katara. Kwat ɗin da ta matse kafaɗa, hannunta ya tsaya a rabin damtse, ta fi zubar da mutunci a kan kaftanin da tela ya auna ya ɗinka. Matashin da ya saba sa kwat zuwa aiki kuwa, baƙa ko shuɗiya mai duhu da nakatai ta wadatar ko a Cunard, ba sai ya sayi tuxedo ba.

Babbar riga tana da nata wahalar a jirgi. Teburan suna kusa da juna, kowane cike yake da kofuna da cokula, kuma hannun riga in ba a naɗe shi a kafaɗa ba sai ya share miya ya tafi da kofi. Matakala na da yawa, jirgi kan yi ɗan tangaɗi, iskar sama kuma tana cika riga kamar tanti. Abincin yana zuwa ne kashi-kashi, a yi awa ɗaya da rabi zuwa biyu a zaune. Wanda ya san zai takura, kaftani ya fi masa sauƙi, ya ajiye babbar rigar don dare ɗaya da ɗaukar hoto.

Hula da takalmi, inda aka fi tuntuɓe

A al'adar Turawa, namiji yana cire hula in ya shiga ɗaki, musamman a teburin abinci. A tamu kuwa, cire hula a gaban mutane shi ne rashin kamala. Wannan saɓani ne ke sa wasu firgita in suka karanta cewa an hana hula a babban ɗakin abinci. Wadda ake nufi ita ce mai baki a gaba, wato hana-sallah, kuma Carnival ya ambace ta ƙarara a jerin abubuwan da ba ya so, tare da singileti ga maza da silifa da kayan ninƙaya da wandon motsa jiki. Zanna bukar da ƙube da dara ba sa cikin wannan lissafi, kamar yadda 'yar hular Bayahude da rawanin mabiya addinin Sikh ba sa ciki. In wani sabon ma'aikaci ya yi nuni da kanka, ba abin faɗa ba ne. A gaya masa cikin natsuwa cewa hular ɓangaren suturar ƙasa ce, in bai gane ba a nemi shugaban ɗakin abinci.

Galibin masu hidima a jiragen nan daga Filifin da Indonesiya da Indiya suke. Kamfanin Holland America ma ya daɗe da sanuwa da ɗaukar 'yan Indonesiya a ɗakunan abincinsa, kuma Indonesiya ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya. Ba mamaki wanda zai kawo maka miya ya riga ka yin sallama.

Takalmi ne ya fi hula haɗari. Mu mun saba haɗa shadda mai tsada da buɗaɗɗen takalmin fata, kuma a gida ba wanda zai ce ba a yi ado ba. A jirgi kuwa, duk takalmin namiji da yatsu ke waje ana iya lissafa shi da silifa a daren biki. Maganin abin mai sauƙi ne: a tafi da sau-ciki guda, baƙi ko ruwan ƙasa, a goge shi. Mata ba su da wannan damuwa, buɗaɗɗen takalmin ado karɓaɓɓe ne. Sai dai mai tsini sosai ba abokin tafiyar teku ba ne.

Ɓangaren mata

A nan dokar jirgi da tarbiyyar gida sun fi haɗuwa. Abin da daren Gala ke nema ga mace shi ne doguwar riga ta biki ko wata shiga mai kyau, kuma ba inda aka ce sai an buɗe kafaɗa ko baya. Leshi da gwaggwaro, shadda mai aiki, atamfa riga da zani, abaya mai duwatsu, duk sun cika sharaɗi har sun yi saura. Mayafi da hijabi ba sa cikin abubuwan da ake hanawa. Ko Turawan ma da yawa sukan yafa wani abu a kafaɗa, saboda na'urar sanyaya ɗaki ba ta wasa a waɗannan wurare.

Abin lura kaɗan ne. Babban hijabi har ƙasa yana kama ƙafar kujera da bakin matakala, don haka a wurin cin abinci mayafi madaidaici da aka kama da fil ya fi sauƙin sarrafawa. In an fita saman jirgi kallon teku bayan abinci, iska na iya ɗauke gyalen da ba a ɗaure ba, kuma abin da ya faɗa teku ya tafi ke nan.

Mai sa niƙabi tana da ƙarin shiri. Ana ɗaukar hoton fuskar kowane fasinja ranar shiga, kuma duk sanda aka sauka ko aka dawo sai jami'an tsaro sun gwada fuska da hoton. Tana iya roƙon mace ta duba ta. Sannan dokar ƙasar da jirgi ya tsaya tana aiki da zarar an taka ƙasa. Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, Denmark kuma tun 2018, ga shi Marseille da Copenhagen manyan tashoshin waɗannan jirage ne. Wannan magana ce da ya kamata a warware kafin a biya kuɗin tikiti.

A daren biki akan yi 'yar liyafa da kyaftin, masu hoto suna jere, ana zagayawa da kofuna a faranti. Mafi yawan abin da ke cikin kofunan giya ce, amma ana samun ruwan lemo in an tambaya. Wadda ba ta gaisawa da hannu, ɗora hannu a ƙirji da murmushi ya isa. Tsayawa a ɗauki hoto kyauta ne, karɓar hoton ne ke da kuɗi.

Dutsen guga da turaren wuta

Ga abin da mai shadda ya kamata ya ji da kyau. Ba abin da masu jirgi ke tsoro kamar gobara a tsakiyar teku, saboda haka an hana fasinja shiga da dutsen guga, an hana kyandir, an hana turaren da ake ƙonawa. Ana wuce da kowane akwati ta na'urar bincike, abin da aka gani a riƙe shi sai ranar sauka. Hajiya da ta saba turara kayanta kafin fita, kasko da gawayi da turaren wuta su zauna a gida. A turara kayan tun kafin a ɗaure su, a tafi da humra ko turaren fesawa.

To shaddar da ta kwana biyu a akwati fa? Akwai hanya biyu. Jirage suna da masu wanki da guga, a ba su da safe su dawo da shi, amma da kuɗi, kuma ranar Gala layin yana da tsawo, don haka a miƙa tun ranar farko. Wasu kamfanoni, irin su Cunard da Princess, suna da ɗakin wanki da fasinja ke shiga su yi guga da kansu. Royal Caribbean ba shi da irin wannan ɗaki. In za ka ba masu guga babbar riga, ka nuna musu yadda ake ninke ta, ka kuma ce kada a wanke, domin ruwa ɗaya ya isa ya kashe ƙyallin da mai bugu ya sha wahala a kai. Abin da ya fi shi ne a kai ta wurin bugu a gida, a bar ta a ninkenta, a shimfiɗa ta a saman kaya, a rataye ta da zarar an shiga ɗaki.

Nauyi ma abin lissafi ne. Jirgin ruwa bai cika damuwa da kilo ba, amma jirgin saman da zai kai ka tashar ya damu, kuma a yawancin tikiti akwati ɗaya kilo 23 ne. Cikakkiyar babbar riga takan ci yadi goma, kaftani biyar. Don tafiyar mako guda, shigar biki biyu da kaftani uku ko huɗu da kayan yawo na rana sun isa namiji. Ba wanda ke ƙirga sau nawa ka maimaita riga.

Kuma a kula da dare biyu. Ranar shiga, ana karɓar akwati a tasha, wani lokaci ba ya isowa ɗaki sai bayan magariba, don haka abin da za a sa a ci abincin farko ya kasance a jiki ko a jakar hannu. Daren ƙarshe kuma ana fitar da akwatuna ƙofar ɗaki kafin a kwanta, ma'aikata su kwashe. Wanda ya manta bai ware kayan safe ba, da rigar barci zai sauka.

In an tare ka a ƙofa

Mafi munin abin da ke faruwa shi ne a ce maka cikin ladabi ka koma ka sauya, ko a nuna maka wurin ɗibar abinci. Ba tara, ba kora. Amma jin kunyar tsayawa a gaban layin mutane, ga iyali a baya, ba ƙaramin abu ba ne ga dattijo. Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya sayi tikitin ya rubuta wa kamfani tun da wuri, ya bayyana cewa iyayensa za su sa suturar ƙasa da hula da mayafi, ya ajiye amsar a waya. A wannan wasiƙar ce kuma ya kamata a tambayi batun naman halal, domin irin wannan buƙata makonni kafin tafiya ake shigar da ita. Ranar farko, bayan an ajiye kaya, a leƙa wurin shugaban ɗakin abinci a gaisa, a nemi teburin iyali kaɗai in ba a son zama da baƙi masu shan giya.

A nan ne kuma ake zaɓar lokaci. Jirage da yawa suna raba abincin dare zama biyu, na farko wajen ƙarfe shida, na biyu wajen takwas ko takwas da rabi. A lokacin zafin Turai rana kan kai ƙarfe tara ba ta faɗi ba, saboda haka zaman farko ne ke ba mutum damar gamawa kafin magariba. A yankunan da rana ke faɗuwa wajen shida kamar a gida, na biyun ya fi.

Wanda duk wannan ya yi masa yawa, yanzu akwai wata ƙofa. A Disambar 2024 kamfanin Saudiyya mai suna Aroya Cruises ya fara tashi daga Jidda yana yawo a Bahar Maliya, da jirgin da ba a sayar da giya, abincinsa halal ne, kuma akwai wuraren sallah a ciki. A can farar doguwar riga da abaya ba baƙon abu ba ne.

A sauran jiragen kuwa, mai babbar riga ya shirya wa abu ɗaya da takardar kamfani ba ta faɗa ba. Tsakanin ɗakinsa da teburi za a tsayar da shi sau da yawa, ana tambayar daga ina ya zo, da hannu aka yi wannan aikin ko da keke, ko za a iya ɗaukar hoto tare. Ya fito da wuri kaɗan, kada miyarsa ta huce.